Itacen Jegon da Ban Gani Ba

Tun da na dawo daga Amurka ban huta ba. Duk wadda ta shigo yi mini sannu da zuwa, kafin ta gama gyara zama sai ta ce, "To Hajiya Asabe, ba mu labari." Na faɗa a tsakar gida, na faɗa a gidan biki, na faɗa a islamiyya har malama ta tsawatar mana. Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta, tunda shekara talatin na yi ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu. Amma akwai dalili na biyu, kuma shi ne babba. Ina can na kira ƙanwata Lami a waya na ce mata mijin Rabi marowaci ne, har ruwan wanka aunawa yake. Kun dai san Lami. Kafin sati maganar ta zaga dangi, har yayanmu Baffa ya fara cewa in haka ne gara a dawo da yarinyar gida. Wannan maganar nake so in janye, kuma ina so janyewar ta je duk inda waccan ta je.

Rabi ita ce autata. Mijinta Nasiru dakta ne, amma ba na asibiti ba, na ƙasa da taki. Yana aikin binciken shuke-shuke a wani gari da ake kira Beltsville, kusa da Washington. Haihuwar fari ce, da a ce a nan gida take, gidana za ta zo wanka. Tunda ba halin ta zo, ni na shirya.

A wajen neman biza a Abuja baturiyar ta tambaye ni abin da zan je yi. Na haɗo Turancina na aji na ce zan je in yi wa 'yata wanka. Ta ɗago kai ta ce shekarar 'yar nawa? Na ce ashirin da shida. Ta yi dariya har ta dafe goshi. Na tsaya na yi mata bayanin jego dalla-dalla, kwana arba'in, safe da yamma, ruwa mai zafi da ganye, na ce haka uwata ta yi mini sau bakwai kuma ga ni a tsaye. Ta ce in dawo in karɓi fasfo ɗina.

Kayan da na ɗauka kuwa, in kun gani sai ku ce ƙaura zan yi. Busasshen ganyen darbejiya rabin buhu, kanwa, garin kunu, yaji, daddawa, kuka, da kilishi na musamman da na sa aka yi wa maijego. Atamfofina uku kacal suka samu wuri.

Jirgi bai ba ni tsoro ba, na je Hajji. Abin da ya kusa kunyata ni matattakalar nan ce mai tafiya da kanta a filin jirgin Frankfurt. Na tsaya a bakinta ina bismilla, na ɗaga ƙafa na mayar, mutane na ta kewaye ni. Sai na ji an ce, "Hajiya, ina wuni? Ki riƙe valis ɗina ta baya, in na taka ki taka." Wani ɗan Damagaram ne, ɗan kasuwa, zai je New York. Haka na bi bayansa riƙe da akwatinsa har sama. Ban tambayi sunansa ba, amma har yau yana cikin addu'ata.

Da muka sauka Amurka, ina jiran kaya sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga. Ya zo ya shinshina jakata, ya zauna a gefenta ya ƙi tashi. A'uzubillahi! Ashe ma'aikaci ne. Aka kai ni gefe aka buɗe komai. Kilishi dai tun a nan muka yi sallama, sun ce nama ba ya shiga, kuma cikin ladabi suka faɗa. Kanwa ce ta tsayar da su. Wani jami'i ya juya ta ya juya, ya kira wani. Da na ga abin zai yi tsawo sai na gutsura na sa a baki na tsotsa a gabansu. Ganye kuma wata ma'aikaciya ce 'yar asalin Filifin ta duba shi, ta murza, ta shinshina. Da na gaya mata amfaninsa sai fuskarta ta saki, ta ce su ma a garin kakarta da ganye ake yi wa mai haihuwa wanka. Da hannunta ta ɗaure mini bakin buhun.

Nasiru na jira a waje da wata rigar sanyi mai kauri kamar katifa. Yana hango ni ya cire hula ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane, Turawa na ratse shi da kekunan kaya.

"Umma, sannu da hanya. An zo lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Ya mai jiki da baƙuwa?"

"Alhamdu lillahi."

Iyakar hirarmu ke nan har gida, tafiyar kusan awa ɗaya. Shi yana kallon titi, ni ina kallon taga. Ku riƙe wannan, don a nan duk abin ya samo asali. Nasiru mutum ne mai kunya ta gidan da, bai taɓa haɗa ido da ni ba, ni kuma ba zan zauna ina zuba da surukina ba. Duk abin da zai faɗa mini sai ya bi ta bakin Rabi, nawa ma haka.

Watan Janairu ne. Da na fito daga mota sanyin ya shiga haƙorana, na ji kamar an mare ni. Gidan tsoho ne na katako, haya suke yi, bene ɗaya da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa. Na rungume Rabi, na karɓi jaririya, kwananta uku a duniya, na yi kukana na share. Sannan na leƙa filin da ke bayan gidan. Ba murhu, ba garwa, ba ko ƙiraren kunna wuta.

Na ce, "Ke Rabi, ina itacen?"

Ta yi dariya tana riƙe ciki. "Umma, zo ki gani."

Ta kai ni banɗaki ta murɗa famfo. Kafin in ƙirga goma tururi ya tashi. Na sa yatsa na janye da sauri. Na ce, "Wa ya dafa?" Ta ce, "Haka yake zuwa." Ikon Allah! Ni da na yi jegon mata ya fi ashirin a unguwarmu, hayaƙi ya cinye mini ido, ga ruwan zafi na fitowa daga bango ba wahalar kowa. A raina na ɗauka gwamnati ce ke dafa wa gari gaba ɗaya ta turo, kamar yadda ake turo na sanyi. Ban tambaya ba, ba wanda kuma ya gaya mini.

To sai na saki jiki. Kowace safiya da kowace la'asar zan shiga in buɗe shawa a kan zafi zalla, in rufe ƙofa in bar ta tana zuba wajen rabin awa, sai banɗakin ya cika da tururi har ba a ganin madubi. Sannan in tara wani a baho in jiƙa ganye, in kira Rabi. Ta ce likitarta ta ce kada ruwan ya kai ga ƙona fata, na ce na ji, na ɗan sirka. Bayan ita sai jaririya. Bayan jaririya sai wanki, shi ma da ruwan zafi, har tsummokaran goge ƙasa. Akwai kuma wani ɗan akwati a bangon falo mai lambobi, wanda Rabi ta nuna mini ta ce shi ke ƙara ɗumin gida. Na murɗa shi har ƙarshe, don maijego da sanyi ba sa haɗuwa. Gidan ya yi ɗumi har da shimi nake yawo.

Abinci bai ba ni wahala ba, don Nasiru ya san hanyar wani shagon 'yan Afirka. Rana ta huɗu ya shigo da ƙauri, ƙafafun sa guda huɗu daga wajen mahaucin halal, an yanyanka su da inji tsaf kamar sabulu. Abin da ya gagare ni shi ne madararsu, ba ta da ɗanɗanon komai, da wani ganye da suke ci ɗanye a ce abinci ne. Ranar suna aka yi taro a wani ɗakin taro na masallaci, aka sa wa yarinya Asma'u, sunana ke nan na yanka. A nan na haɗu da Hajiya Memuna, 'yar Kumasi, mai aikin kula da tsofaffi, gidanta na bayan nasu. Hausarta ta Zango ce, mace ma "kai" take ce mata. Ranar farko na ji haushi, rana ta biyu muka zama ƙawaye.

Sai na fara lura da surukina. Da safe kafin ya fita zai ɗauki tocila ya sauka ɗakin ƙasa, ya jima kaɗan ya hau. Da ya dawo aiki, kafin ya ci abinci, ya sake sauka. Ya bi tagogi ya lilliƙe su da leda. Ya tura tsofaffin tawul a ƙasan ƙofofi. Ɗan ɗakin da ya koma kwana tunda na zo, in na wuce ta ƙofarsa sanyi nake ji yana fitowa, ya kashe ɗumin ɗakin. Kuma ban taɓa jin ya shiga banɗaki wanka ba. Na ce wataƙila kunyata ce ta sa yake yi a wurin aiki. A sati na biyu wata babbar mota ta zo da dogon tiyo aka jona a jikin gidan, na leƙa ta taga na ce masu kwashe masai ne, na saki labule.

Rana ta goma sha bakwai ina shirin buɗe shawa Rabi ta ce a hankali, "Umma, da za a ɗan rage barin ta tana zuba."

Na juyo. "Shi ya aiko ki?"

"Wallahi bai ce komai ba."

"To me yake zuwa dubawa a ƙasa safe da yamma?"

Ta sunkuyar da kai. Wannan ne ya ƙona mini rai. Na ce wato na baro gidana, na ƙetaro duniya, a zo ana auna wa 'yata ruwan wanka? Ruwan da yake zuwa da kansa? Kun san ni da zuciya. Na ɗauko katin waya da Memuna ta saya mini, na kankare lambar, na kira Lami na zazzage mata komai, har da ƙari. Na ce mutumin nan ko ɗumin ɗakinsa ba ya iya bari saboda maƙo. Na ajiye waya na koma na buɗe shawa, na ma ƙara mata lokaci.

Saura kwana bakwai a yi arba'in aka yi dusar ƙanƙara irin wadda su kansu 'yan garin suke magana a kanta. Kwana biyu tana sauka, motoci suka nutse, tituna suka rufe. Ran Asabar da safe ina tsaka da zuba wa Rabi ruwa sai na ji ya fara salam-salam, can sai ya koma sanyi ƙarara. Rabi ta yi ƙara. Na lulluɓe ta na fito da ita tana rawar ɗari. Kafin azahar ƙarafunan da ke jikin bango masu ba da ɗumi duk sun huce, ina magana ina ganin hucin bakina a cikin falo. Na dubi jaririya, gabana ya faɗi.

Nasiru bai tsaya magana ba. Ya sa takalman roba ya ratsa ƙanƙara har gwiwa zuwa gidan Memuna, suka dawo tare da hita biyu na lantarki. Aka tara Rabi da Asma'u a ɗaki ɗaya aka kunna, aka rufe ƙofa. Sannan ya shiga kicin ya fito da duk tukwanen gidan ya jera a kan murhun girki na lantarki.

Na ce wa Memuna, "Gwamnatin ce ta ɗauke ruwan zafin?"

Ta tsaya tana kallona. "Ei, Hajiya! Wace gwamnati? Zo ka gani."

Ta ja hannuna muka sauka ɗakin ƙasa, karo na farko da na taka shi. A kusurwa ga wani baƙin tanki na ƙarfe, ya kai tsawon saniya, a kansa wani ɗan ma'auni ya kwanta a ƙasa. Kusa da shi wata na'ura mai bututu ko ta ina, ita suke kira boila. Memuna ta buɗe wata 'yar taga a jikinta ta ce, "Nan wuta yake ci. Wannan murhunka ne. Wancan tanki, mai ne a ciki, ɗan'uwan dizal. Duk sanda ka buɗe famfo na zafi, wuta ya tashi nan, mai ya tafi. Duk sanda ka murɗa akwatin falo, mai ya tafi. Shi yake saye."

Na ce, "Nasiru?"

"To wa? Motar da ya zo kwanaki, mai ya kawo. Cikawa ɗaya kusan dala dubu. Da, tanki yana kai su kusan wata biyu. Yanzu sati uku ya ƙare. Tun Laraba ya kira su, ya biya, ƙanƙara ya hana mota shigowa."

Na yi lissafin abin a kuɗinmu, na ga ya isa a sauke wa unguwarmu itace lodi-lodi. Ga shi na san aikin nasa na kwantiragi ne, albashin ba wani mai kauri ba. Na nemi wurin zama. A nan idona ya sauka a ɗaya kusurwar, wajen wani kwamin wanki na siminti mai famfo ɗaya. Ga bokiti, ga soso, ga sabulu, ga tawul a rataye a ƙusa. Na tashi na murɗa famfon. Ruwan kamar an narkar da ƙanƙara.

Rabi ce ta ƙarasa mini da na hau. Tun ranar da na zo yake wanka a can ƙasa da ruwan sanyi, don man ya ishe mu. Kuma ya hana ta gaya mini ko nawa ne. Ya ce mata, "Da a gida ne itace zan saya, kuma ba zan tsaya a kan Umma ina ƙirga mata guda nawa ta sa a wuta ba." Abin da ta faɗa mini ranar nan na a rage barin shawa, ita ta faɗa don kanta, tausayinsa ne ya kama ta.

Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun da na girma. Na tuna kalmomin da na faɗa wa Lami ɗaya bayan ɗaya.

La'asar na yi na ji tafiya a matattakala. Nasiru ne da bokiti biyu na ruwan da ya dafa a tukwane, yana hawa a hankali kada ya zube. Ya ajiye a ƙofar banɗaki, ya koma ya kawo wasu biyun. Ya tsaya daga nesa, kai a ƙasa, ya ce, "Umma, a yi haƙuri da wannan. Kada wankan ya tsinke." Da ƙyar na ce, "Allah Ya yi albarka." Ya ce amin ya sauka. Haka ya yi safe da yamma har kwana biyu.

Ran Litinin aka share titi, motar mai ta iso. Wani dattijo baƙar fata mai farin gemu ya jawo tiyo a kafaɗa cikin ƙanƙara. Wannan karon ban saki labule ba. Na fita da kofin kunun kanwa mai zafi na miƙa masa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya sake kurɓa, ya shanye tas ya ce na gode, Mama. Aka kunna boila, na tsaya na leƙa ta 'yar tagar na ga wutar da idona, ja-ja tana huci.

Sauran kwanakin da bokiti na yi su, yadda muke yi a gida. Bokiti uku sun ishi maijego, na daɗe da sanin haka, ganin banza ne ya ruɗe ni. Akwatin falo na mayar da shi inda na same shi, na sa rigar katifata. Sai dai abu ɗaya ya dame ni. Ta yaya suruka za ta ce wa surukinta ya je ya yi wanka da ruwan zafi? Bakina ba zai iya ba. Da safe sai na sauka na ɗauko bokitinsa, na cika shi da ruwa mai tururi, na ajiye a bakin matattakalar ƙasa na shige ɗaki. Na ji ya fito, na ji ya tsaya, ya daɗe a tsaye. Da na fito bayan ya tafi aiki, bokitin na nan inda na ajiye shi, an wanke an kife. Kullum haka muka yi har na taho, ba wanda ya ce wa wani uffan.

Rabi ta yi arba'in lafiya, ta yi kyau ta yi ƙiba, Asma'u ta fara dariya. A filin jirgi Nasiru ya sake durƙusawa. Na ce, "Malam Nasiru, ka yafe mini." Ya ce, "Subhanallahi, Umma, me kika yi?" Bai sani ba. Har yau bai san abin da na faɗa a kansa ba, kuma ranar da wannan takarda ta isa hannunsa zai sani, na yarda da hakan.

Washegarin dawowata, kafin in buɗe tsaraba, na je gidan Baffa na zauna a gabansa na ce ƙarya na yi wa yaron mutane. Daga nan na wuce gidan Lami. Ta ce ai ita abin da na faɗa ta faɗa. Gaskiyarta.

A unguwarmu in mace ta haihu, kowa ya wuce zai ga itace a jibge a ƙofar gida, a ce kai, mijin wance ya yi ƙoƙari. Na Nasiru a ƙarƙashin ƙasa yake. Ya ƙone ƙurmus kwana talatin da uku ba wanda ya gani, ni da nake ƙona shi ma zaginsa nake yi. Don haka duk wadda ta ji waccan magana, ko a wajen Lami ko a wajen wadda Lami ta gaya wa, don Allah ta karanta wannan ta miƙa wa ta gaba. Ni na ga tankin, na ga bokitin, na kuma sa hannuna a ruwan da yaron nan yake wanka da shi.